Tun ran gini ran zane: wuta, ruwa da iska a ginin cibiyar ikilisiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida mai albarka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi sana'ata, wanda na daɗe ina gani yana cinye dukiyar jama'a, wani lokaci har ya kai ga taɓa lafiyarsu. Ni mai haɗa wutar lantarki ne a nan Maradi, na fi shekara 30 ina wannan aiki, kuma yawan zama wurin gini ya sa na san abin da ya sawwaƙa na aikin famfo.

Kwanakin baya wani maƙwabcina, dattijo mabiyin ɗariƙar Katolika wanda muka daɗe muna zaman mutunci da shi, ya shigo zaurena bayan sallar la'asar riƙe da takardu a naɗe. Ya ce mini, "Malam, ƴan'uwanmu na wata ikilisiya suna shirin gina cibiya kusa da majami'arsu, sun sa ni cikin masu ba da shawara, ni kuwa ban san kan zane ba, duba mana." Dayosis ɗin Maradi, wato yankin majami'un Katolika da ke ƙarƙashin bishop guda, wanda aka kafa a shekarar 2001, ya haɗa jihohin Maradi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa, saboda haka ikilisiyoyinsa suna warwatse a ƙasa mai faɗin gaske, kuma kowace da ɗan abin da mabiyanta ke iya tarawa take gini. Muka shimfiɗa takardun a kan tabarma, muka danne kusurwoyinsu da kofunan shayi. Zanen ya yi kyau: babban zauren taro na mutum 300, azuzuwa huɗu na koyar da yara addini da na yaƙi da jahilci, ofis, madafa, ɗakunan baƙi biyu da jerin makewayi a baya. Na juya takardun ɗaya bayan ɗaya ina neman wadda ta nuna inda waya za ta bi, inda tiyon ruwa zai ratsa harsashi, da inda iska za ta shiga ta fita, ban samu ba. Da na tambaya, sai ya ce an gaya musu wannan sai an gama gini a kira masu aikin su zo su yi.

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na ji ta a bakin masu gina masallatai da makarantun islamiyya da ɗakunan shan magani, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Wuta da ruwa da iska suna cikin jikin gini ne kamar yadda jijiyoyi suke cikin jikin mutum, kuma duk wanda ya bar su sai an gama shafe da fenti, to ya shirya ganin guduma da kurfi suna farfasa bangon da ya biya kuɗi aka yi masa.

Cibiyar ikilisiya kuma tana da halin da gidan zama ba shi da shi. Ranar Talata da safe ana iya samun mutum uku kacal a ciki, ranar Lahadi bayan sujada ko ranar ɗaurin aure kuwa mutum ɗari uku su cika ta cikin ɗan lokaci, kowa yana neman iska, kowa yana neman ruwan sha, yara suna layi a ƙofar makewayi, mata suna girki a tukwane manya, ƴan waƙa sun kunna lasifika. Mai lissafin wuta da ruwa dole ya yi lissafinsa a kan wannan rana mai cunkoso, sannan ya tsara yadda za a iya kunna ofis shi kaɗai ranar da babu kowa.

Bari in fara da zafi, domin shi ne abin da aka fi rainawa a zane alhali shi ya fi gallabar mutane. Kowa ya san yadda Maradi take a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, kuma bikin Ista, wanda shi ne mafi girma a wurin Kirista, kullum tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu yake faɗowa, wato a tsakiyar bazara. Jikin mutum guda da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Idan mutum 300 suka zauna a zaure ɗaya, zafin jikinsu kaɗai ya kai kilowat 30, tun ba a sa na kwanon rufi da rana ta gasa tun safe ba. Na'urar sanyaya ɗaki da muke kira kilim, mai ƙarfin doki ɗaya, abin da take iya kwashewa bai wuce kilowat biyu da rabi da ɗoriya ba, ke nan sai an jera wajen goma sha biyu kafin a biya bashin zafin jikin jama'a kawai. Ikilisiyar da ke gini da kuɗin baiko ba za ta iya sayen waɗannan ba, in ma ta saya, kuɗin wuta na wata-wata zai sa a rufe su da tsumma a bar su.

Saboda haka na gaya wa maƙwabcina cewa sanyin zauren a zanen bango da rufi ake nemansa, tun kafin a yi zancen inji. A juya ginin yadda dogayen bangayensa za su dubi kudu da arewa, domin ranar hantsi daga gabas da ta yamma daga yamma su ne masu wuyar karewa, kuma hadarinmu da guguwarsa daga gabas suke tasowa. A sa tagogi masu fuskantar juna a dogayen bangayen nan biyu, a bar baranda mai faɗi ta yi musu inuwa. A ɗaga silin sosai, a bar sarari tsakaninsa da kwano, a buɗe ƴan kafofi a can sama waɗanda aka rufe da raga saboda jemagu da tsuntsaye, domin iska mai zafi sama take hawa, in ta samu hanya ta fice, in ba ta samu ba ta dawo kan mutane. Na taɓa shiga wani zaure da aka yi wa silin ƙasa-ƙasa babu kafa ko ɗaya, na ɗora tafin hannuna a jikin silin ɗin da ƙarfe uku na rana, sai da na janye shi da sauri, fankokin da ke ciki kuwa zafin nan suke ta turowa ƙasa. Idan an yi ginin yadda ya kamata, fanka ashirin masu cin wat 70 kowace sun isa zauren, jimillarsu wat 1,400, abin da bai kai cin kilim guda mai doki biyu ba. Amma ƙugiyoyin da za a rataye su sai an nuna wurinsu a zanen ƙarafan rufi, kuma kada a bar fanka ta yi nisa da kawunan mutane har iskarta ta ɓace a hanya. Kilim a bar shi ga ofis da ɗakunan baƙi. Na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa ita ma tana da amfani a rani, lokacin da iska ta bushe, sai dai da damina ta kama aikinta ya ragu ƙwarai.

Sai maganar wuta, wadda ita ce gonata. Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa mai ƙarfin bolt 220 ce a layi ɗaya, kuma gini irin wannan ya kamata ya nemi kwantar, wato mitar wuta, mai layi uku, a raba nauyi daidai a kansu, kada a jibge madafa da zaure da famfon tura ruwa a kan layi guda. Mutanen Maradi ba su manta ba cewa babban layin da ke ciyar da yankinmu daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da aka yanke wutar daga Najeriya, muka yi watanni muna karɓarta da rabo. Darasin da na ɗauka a sana'ance shi ne a raba wayoyin gini gida biyu tun daga allon rarraba wuta. Kashi na farko ya ɗauki abin da ba a iya zama babu shi: fitilu, fankoki, lasifika, firij da injin ruwa. Kashi na biyu ya ɗauki masu cin wuta da yawa. In an yi haka, ƙaramin janareto ko sola madaidaiciya ta isa ta riƙe kashin farko ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar taro. Kuma wajibi ne a sa makunnin sauya layi na gaskiya tsakanin janareto da wutar gari, domin janareton da aka haɗa kai tsaye yana iya mayar da wuta kan layin waje, ya kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton babu wuta.

Kaurin waya ba abin ciniki ba ne. Fitilu suna son waya mai murabba'in milimita 1.5, soket yana son mai 2.5, kowane layi da dijontar ɗinsa, wato makunnin da ke katse wuta da kansa in nauyi ya yi yawa, daidai ƙarfinsa, kilim kuma kowanne da layinsa shi kaɗai. Abin da ke ba ni tsoro a ƴan shekarun nan shi ne wayar da ke shigowa kasuwa mai kama da jan ƙarfe a ido. Wata rana a wurin wani gini na zaro wuƙa na kankare bakin irin wannan waya a gaban mai ginin, jan ya tafi, farin sanholo ya bayyana a ciki. Irin wannan waya ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta a jikinta, tana zafi a cikin bango inda ido ba ya gani, kuma tana karyewa a bakin kusa. Araha ba ta ado, a nan kuwa arahar tana iya zama gobara. Kwamitin gini ya rubuta irin wayar da yake so a cikin yarjejeniya, ya kuma wakilta wanda zai duba kowane naɗi kafin a zura shi.

Akwai abu guda da nake so duk mai karanta wasiƙar nan ya riƙe, shi ne wayar ƙasa. Ita ce hanyar da wuta ke bi ta tsere cikin ƙasa idan ta zubo a jikin firij ko injin ruwa, maimakon ta bi ta jikin mutum. Ƙasarmu jigawa ce, yashi ne mai bushewa ƙayau da rani, kuma busasshen yashi ba ya karɓar wuta da kyau, saboda haka ɗan guntun ƙarfen da ake kafawa a bayan ɗaki don a ce an yi, sau da yawa ba ya tsare kowa. Hanya mafi inganci ita ce a shimfiɗa tsirarar wayar jan ƙarfe mai murabba'in milimita 25 a ƙasan ramin harsashi, ta zagaye ginin gaba ɗaya, kafin a zuba kankare. Wannan aiki na yini ɗaya ne, kuma ranarsa ɗaya ce tak, in ta wuce ta wuce. Tare da ita a sa na'urar katse wuta mai jin yoyon miliyamfiya 30 a kan layukan soket, madafa da makewayi. An taɓa kirana wani wuri inda wata baiwar Allah mai wanke-wanke, ƙafarta babu takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, ta dafa firij wuta ta fizge ta ta yar. Allah ya yi da sauran kwananta. Da na buɗe soket ɗin na tarar da waya biyu kawai, wurin ta ukun fayau. A wurin da yara ke guje-guje kuma mata ke aiki da ruwa, ban ga uzurin da zai sa a bar wannan ba. Idan kuma za a yi hasumiyar ƙararrawa ko a ɗora gicciye na ƙarfe a sama, to a haɗa da maganin aradu mai tasa hanyar sauka ƙasa.

Game da sola, ko babu kuɗinta yau, a ƙarfafa rufin da zai ɗauki farantan, a fuskantar da su kudu da ɗan karkata wajen digiri 15, a bar tiyon waya fanko daga rufi zuwa ɗakin batir. A yi matakala da famfo kusa, domin ƙurar hunturu tana rufe faranti cikin ƴan kwanaki, kuma abin da ke da wuyar hawa ba a wanke shi. Ɗakin batir ya kasance a inuwa yana shan iska, saboda zafi yana rage kwanan batir ƙwarai da gaske.

Ruwa kuma nasa lissafin daban. Tankin da za a ɗora a sama shi ke ba da ƙarfin ruwa, kowane mita goma na tsawo yana ba da kimanin bar ɗaya a ma'aunin ƙarfin turin ruwa, don haka tankin da aka ajiye a kan ɗan dakali ba zai tura ruwa zuwa wurin wanka da ƙarfi ba. Lita dubu ta ruwa tan guda ce, tanki mai lita 5,000 ke nan tan biyar ne, kuma wanda ya lissafa rodi da ginshiƙai dole ya san da wannan nauyi tun farko. A yi wa tankin rumfa, in ba haka ba ruwan azahar ba ya taɓuwa, a kuma binne tiyon roba ko a rufe shi, domin rana tana busar da shi ya riƙa tsagewa. Kowane sashe na ginin ya samu makullin ruwansa, yadda in famfo ɗaya ya lalace a makewayi ba sai an hana madafa ruwa ba.

A zanen da na gani an jera makewayi irin na zama har guda shida. Na ba da shawarar a mayar da yawancinsu na tsuguno, da ɗan famfo ƙasa-ƙasa inda za a cika buta, domin haka mutanenmu suka saba, Musulmi da Kirista, kuma irin wannan ya fi jure yawan jama'a da ƙarancin ruwa. A bar guda na zama mai faɗin ƙofa da abin dafawa saboda tsofaffi da masu keken guragu, a kuma fifita ɓangaren mata da yawan ɗakuna, tun da su ke shiga da yara. Tiyon da ke kwashe ƙazanta ya zama mai faɗin milimita 100 ko 110, ya gangara kimanin santimita biyu a kowane mita, da ƴan akwatunan dubawa a duk inda ya yi kwana, da bututun fitar da wari da ya haura rufi. Ruwan madafa mai maiƙo a tare shi a nasa akwati kafin ya shiga babban rami, in ba haka ba kitse ya daskare ya toshe hanya. Ramin kansa a haƙa shi inda motar kwashewa za ta iya isa, kuma a nisanta shi da rijiya ko foraj da aƙalla mita 30. Na kuma roƙi a yi ƴan famfuna a waje da dakalin zama, saboda a garuruwanmu ba a bikin aure ko zaman makoki a gidan Kirista ba tare da maƙwabta Musulmi sun halarta ba, kuma baƙon da lokacin salla ya riske shi zai ji daɗin samun inda zai yi alwala. Maƙwabcina ya yi murmushi ya ce wannan shi zai fara kai wa kwamiti.

Ruwan sama ma yana cikin aikin mai famfo. Dattawa suna ba da labarin ambaliyar Gulbi ta 1945 wadda ta sa aka tayar da garin Maradi daga kwari aka mayar da shi kan tudu, mu kuma mun ga ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 da idonmu, yadda ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin birnin nan. Ruwan da muke samu a shekara bai fi milimita 500 ba a galibi, amma yana iya sauko da kaso mai yawa cikin sa'a ɗaya ko biyu. Rufi mai faɗin murabba'in mita 400 yana tara lita wajen 200,000 a damina guda. Idan ba a yi masa indararo da magudana ba, gindin bango zai riƙa zuba yana cin harsashi, idan kuwa aka tara ko kaɗan daga ciki a tankin ƙasa, ya isa ban-ruwan itatuwan da za su yi wa ginin inuwa. A ɗaga daɓen ginin sama da hanya, a ɗaga allon wuta da soket daga ƙasa.

Ba zan rufe ba sai na ambaci gobara, ko da yake ambatonta yana tayar mana da miki. Ranar 8 ga Nuwamban 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a nan Maradi, yara fiye da 20 suka rasu, Allah ya ba iyayensu haƙuri. Tun daga ranar ban ƙara shiga zauren taro ba tare da na ƙirga ƙofofinsa ba. Zauren mutum 300 yana buƙatar ƙofofi masu faɗi a ɓangarori dabam-dabam, masu buɗewa waje, waɗanda ba a sa musu kwaɗo lokacin taro, da fitila mai batir a saman kowace wadda ke kama kanta idan wuta ta ɗauke. Tagogin azuzuwan yara kada a toshe su duka da ƙarfen da ba ya buɗuwa. Tukwanen gas a gina musu ɗan ɗaki a wajen madafa mai kafofi a ƙasa, saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya yana jiran ashana.

Na san abin da za a ce, kuɗi ba su isa ba, kuma gaskiya ne, domin irin wannan gini da baikon Lahadi da gudummawar zumuntar mata da taimakon ƴan'uwa na nesa ake yin sa, sashe-sashe, wani lokaci shekara da shekaru. Amma wannan shi ne ma dalilin da ya sa zanen ya zama dole. Wanda zai gina zaure bana ya ƙara azuzuwa baɗi yana buƙatar ya san girman allon wuta da faɗin rami tun yau, ya binne tiyo fanko a inda za a buƙace shi gobe, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da fasa daɓe. Masu ilimin yin wannan lissafi kuma muna da su a gida, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa suna yaye matasa, da yawansu suna zaune suna neman inda za su gwada abin da suka koya. Ina kira ga shugabannin majami'u da kwamitocin masallatai da masu unguwanni da su riƙa neman takarda uku tare da zanen gini, ta wuta, ta ruwa da ta iska, kafin su sa hannu a kan kowace yarjejeniya, kuma in an gama aiki a gyara takardun su nuna inda kowace waya da kowane tiyo suka bi a zahiri, a ajiye su a ofis saboda mai gyaran da zai zo bayan shekara ashirin.

Maƙwabcina ya koma da takardun da ƴan rubuce-rubucen da na yi musu da fensir a gefe. Bayan mako biyu ya dawo ya shaida mini cewa kwamitin ya mayar da zanen ga mai shi domin a ƙaro takardun nan uku, kuma sun ɗage haƙa harsashi zuwa bayan damina. Na roƙe shi alfarma guda, cewa ranar da aka gama haƙa ramin, kafin motar siminti ta iso, a aiko a gaya mini, zan shiga mota in je da naɗin jan ƙarfena in shimfiɗa wayar ƙasa da hannuna.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai haɗa wutar lantarki,
Maradi, Jamhuriyar Nijar